Matar Kawu Da Ta Iya Mutuwa

Taubashina, ɗan Kawuna na cikinsa, ya kama wuyan jallabiyata ya fitar da ni daga rumfar makokin matar ubansa, da rana tsaka, a gaban jama'a, kofin shayi na hannuna. Abin da aka yi mini ke nan, kuma na sa shi a farko don kada wani ya ce na ɓoye fushina a bayan addu'a. Ban zagi kowa ba, ban yi ƙarya ba. Wani dattijo ne ya tambaya game da marigayiyar, "Wai Hajja kafin ta zo ƙasar nan, me take yi a garinsu?" Na ce, "'Yar wasan fim ce." Mutane suka gyara zama, na fara ba da labari, aka yi dariya. Laifina ke nan duka.

To tunda an hana bakina, ga hannuna. Karatuna bai yi nisa ba. Daga firamare aka miƙa ni gareji a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, kuma har yau da furfura ta cika mini gemu ina nan kwance ƙarƙashin motocin mutane. Wanda ya ga rubutun ya karkace, ya yi haƙuri. Ni dai ba zan bari a binne matar nan sau biyu ba, sau ɗaya a ƙasa, sau ɗaya a bakin ɗan mijinta.

Baturiyar Ingila ce. 'Yan unguwa na ce mata Hawajiya, yadda Larabawan nan ke kiran Baturiya. Da ta sauke farali ta koma Hajja. Mu na cikin gida Inna muke ce mata. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya haskaka makwancinta.

Ta rasu ran Juma'a da hantsi a gidana, a Dar Salam ta bayan Omdurman, mata sun kewaye ta suna shan jabana, wato gahawa, a inuwar tsakar gida. Tana cikin magana sai ta sulale daga bakin gado zuwa ƙasa. Matan suka tuntsire da dariya. Maƙwabciyarmu mai sayar da kisra, gurasar dawa ta nan ƙasar, har da tafi.

"Kai, Hajja, ta yau ta fi ta kullum! Wannan wacce ce, ta guba ko ta harsashi?"

Matata ta ce, "Inna, tashi haka nan, jabana za ta huce."

Kada ku ga laifinsu. Babu mace a layinmu da ba ta taɓa ganin Inna ta mutu ba. Sana'arta ce a can ƙasarsu, a nan kuma ta zama nishaɗin unguwa: in hira ta yi daɗi sai a roƙe ta, ta ɗan ja rai, sannan ta mutu musu. Ni ina gefe ina ɗinke takalmina, har na fara murmushi, sai idona ya kai ƙasa. Finjalin da ke hannunta ya faɗi ya fashe. Duk mace-macen da Inna ta yi a gabana, ba ta taɓa faɗuwa da finjali a hannu ba. Sai ta nemi wuri ta ajiye shi tukuna, don na mahaifiyata ne. Na ce, "Ku yi shiru." Ba su ji ba. Na daka tsawa. Mai kisra ta dubi fuskata, ta dubi finjalin, ta ɗora hannu a ka.

A waje ma sai da aka sha fama. Na je na gaya wa ladan, ya ce, "Inna lillahi... ta gaske?" Tsohuwar da ta yi mata wanka ta rantse wa matata cewa kafin ta zuba ruwa sai da ta sosa mata tafin ƙafa, don ta san Hajja ba ta jure cakulkuli. Mai haƙa kabari ya ce in ta tashi, ita za ta mayar da ƙasar da hannunta. Masu ta'aziyya kuwa, mutum zai ɗaga hannu a yi Fatiha fuska a murtuke, a shafa, sai ya sunkuyo kunnena: "Ya zol, bawan Allah, ka dai tabbata?" Ban taɓa ganin jana'izar da mutane ke kuka, suna dariya, suna neman gafarar Allah a numfashi ɗaya ba sai tata.

Yadda ta zo mana daga bakin mahaifiyata na ji, don ni lokacin ina goye. Wasu Turawa ne suka zo ɗaukar fim a rairayin yamma da Omdurman. Kawu direban babbar mota ne, shi ke kai musu ruwa da kaya. Matarsa ta rasu ta bar masa yaro ɗaya, taubashin nan nawa. Aikin Inna a fim ɗin shi ne matar wani hafsa da zazzaɓi zai kashe a cikin tanti. Ta mutu musu yadda suke so, suka tafa, sai zazzaɓin gaske ya kama ta. Su kuwa ba sa jiran mai ciwo in aiki ya ƙare. Suka ajiye ta a asibiti suka hau jirgi, wai za su aiko. Kawu ya je dubiya ya tarar ba mai miƙa mata ko ruwa, ya ɗauko ta ya kawo wa ƙanwarsa, wato mahaifiyata, ya ce, "Ga baƙuwa, ki dama mata kunu."

Mahaifiyata ta dube ta, fara fat kamar an fere rogo, ta ce, "Yaya, wannan in ta mutu a ɗakina wa zan gaya wa?"

Ba ta mutu ba. Ta sha kunun kanwa, ta sha jiƙon sabara, ta miƙe. Da Turawan suka aiko ta koma, ta ce a gaya musu a wurinsu kullum kashe ta ake yi, nan ne kaɗai aka taɓa raya ta. Ta musulunta, aka ɗaura musu aure da Kawu. Usta, wato gwanin direba, take ce masa har ya bar duniya, yadda ta ji ana kiransa ran farko. Allah bai ba ta haihuwa ba. Yaron da ta tarar shi ta goya, ta yi masa wanka, ta koya masa Turancin da yake tinƙaho da shi yanzu a gaban manya. Hausarta kuwa irin tamu ce, rabi Hausa rabi Larabci, sai dai tata ta hanci take fitowa, kuma zagi ta fara iyawa kafin gaisuwa, don a wurin mahaifiyata ta koya.

Ba ta taɓa cika baki ta ce ita wata shahararriya ce ba. Cewa take yi, "Ba ni ake zuwa kallo ba. Ni ce wadda ake kashewa don a sami labari." Ta fara ne a gidan wasa na wani gari bakin teku, inda ta ce sanyi na hana mutum jin yatsunsa. Da safe ta share dandali, da yamma ta fito da faranti ta ce shayi ya haɗu, ta koma. Daga nan fim, daga nan talabijin. Ta yi 'yar aikin gida, ta yi mai gidan haya, ta yi nas a wani wasan asibiti da ake nunawa mako-mako har mutane suka fara gane ta a kanti, sai masu wasan suka sa mota ta kaɗe ta. An shaƙe ta, an harbe ta, an turo ta daga bene, an zuba mata guba. Akwai wanda ma ba ta ce uffan ba, gawa ta fito tun daga farko, ta wuni kwance kan tebur mai sanyi wani ɗan sandan ƙarya na cin burodi a kanta.

Na taɓa ce mata, "Inna, ai wannan ba sana'a ba ce, wulaƙanci ne."

Ta harare ni. "Kai da kake wuni ƙarƙashin mota, ka taɓa ganin an tafa wa bakanike? To ka daina zuwa mana."

Kuma tana da ƙa'ida. Gwiwa ce ke fara mutuwa, in ji ta, fuska ce ƙarshe. Wanda ya dafe ƙirji ya kurma ihu ɗan koyo ne. "Kada ka nuna wa mutane kana mutuwa. Nuna musu kana ƙoƙarin tsayawa, sai ka kasa." In za ta faɗi, tob ɗinta, mayafin da matan nan ke naɗawa, ba ya taɓa yayewa. Ta san yadda za ta kai ƙasa a rufe ruf, shi ya sa ko liman bai taɓa samun abin cewa ba.

Faɗa ɗaya na sani tsakaninta da Kawu, kuma sana'ar ce ta jawo shi. 'Yar'uwarta ta aiko mata da kaset ɗin bidiyo na wani tsohon fim ɗinta. Muka aro na'ura, aka fito da talabijin tsakar gida bayan magariba, rabin unguwa suka cika gidan. Taubashina, lokacin yana sakandare, shi ke fassara. Sai ga Inna, yarinya ɗanya, gashi har kafaɗa. Mata suka rangaɗa guɗa. Sai ga wani dogon Bature mai gashin baki ya shigo, ya kama hannunta ya sumbata. Taubashina ya ce, "Ya ce, barka da yamma, matata." Kawu ya miƙe ya kashe talabijin.

"Wane ne wannan?"

"Mijina ne a wasan."

"Miji. To ya sake ki kafin ki zo nan, ko kuwa da auren wani a kanki na aure ki?"

"Haba, Usta, wasa ne fa!"

"Ya ce matata. A gaban shaidu. Ga su nan cike da ɗakin, har da mai riƙe da kare."

"To kunna ka ga yadda auren ya ƙare."

Ya ƙi. Ya daina cin abincinta, har ya kai tambaya wurin malamin unguwa. Malam ya ce shi ba ya fatawa a kan abin da bai gani ba. Aka sake kunnawa, Malam na zaune a gaba kan buzunsa. Ba a jima ba mai gashin baki ya zuba mata guba a shayi, Inna ta yi ƙoƙarin tsayawa, ta kasa. Malam ya shafa gemu ya ce, "Mutuwa tana raba aure. Riƙe matarka." Sannan ya ce kada a kashe, yana so ya ga ko an kama la'anannen. Kawu kuwa fushinsa ya koma kan mai gashin baki. Har ya rasu yana cewa in Allah ya haɗa su a hanya, sai ya bi ta kansa da mota.

Da sojoji suka karɓi mulki, gari ya canza. Gidajen sinima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma ma'ajiyar kaya, wasu jemagu suka gaje su. Kiɗa sai da izini, biki a tashi da wuri, mace in ta fita a duba tufarta. Kawu ya rasu a farkon shekarun nan. Mutanen ƙasarta suka turo wani saurayi mai kwat ya ce ta shirya a mayar da ita gida. Ta zuba masa jabana ta ce, "Ɗana, can na mutu ba adadi, ba wanda ya zo gaisuwa. Nan ko atishawa na yi sai an zo dubiya. Sha ka tafi."

Sai aka shiga zamanin kasha. Ga wanda bai gani ba: motar soja ce za ta tsaya a bakin kasuwa ko tasha, a kwashe duk saurayin da bai yi aikin soja na dole ba, a kai sansani, daga can sai Kudancin ƙasar inda ake yaƙi. Ɗan mai wankin layinmu bai dawo ba. Abokina da muke gareji ɗaya ya dawo da ƙafa ɗaya.

Wata safiya muka fito ni da taubashina, ni zan tafi gareji, shi zai je neman aiki. Muna shan kwana muka yi kiciɓis da su. Kafin mu ce me, muna cikin mota cike da samari, soja na baki da bindiga. Taubashina yana ta cewa shi ɗalibi ne, aka ce ya rufe wa mutane baki.

Sai ga Inna ta fito daga wurin mai burodi, da farin tob ɗinta da kwando. Ta gan mu. Ba ta ruga ba, ba ta yi ihu ba. Ta ajiye kwandon a gindin bango a hankali, yadda take ajiye finjali. Ni kuwa da na ga haka, zuciyata ta ce, to. Ta taka har gaban hafsan, ta ɗaga hanci, ta zuba masa wani Turanci da ban taɓa jin ta yi ba, mai kauri, irin na matan manya. Ya ce, "Hajja, matsa." Ya ɗan ture ta da bayan hannu, turewar da ko kaza ba za ta faɗi ba.

Gwiwa ta fara. Ta kai hannu za ta kama ƙarfen motar, yatsun suka zame. Ta buɗe baki kamar mai neman kalma ɗaya tak. Ta yi ƙoƙarin tsayawa. Ta kasa. Ga ta kwance ido buɗe, ƙasa na sauka a kai ko ƙiftawa babu.

Matan unguwa, Allah ya saka musu. Sun san wasan sarai, amma kukan da suka ɓarke da shi ko a mutuwar Kawu ban ji irinsa ba. Mahaifiyata ta faɗi tana birgima tana zuba wa kanta turɓaya: "Sun kashe Hawajiya! Soja ya kashe Baturiya! Yau Ingila za ta zo!" Fuskar hafsan ta koma kamar toka. Ɗan Hausa ya mutu a hannunsa ba zai hana shi cin abincin rana ba, amma Baturiya a ƙasa, ga shaidu cike da titi, wannan magana ce da za ta kai sama.

"Ku ɗauke ta! Ku kai ta gida!"

Mahaifiyata ta ce, "Mu mata mu ɗauki gawa? 'Ya'yanta na cikin motarka."

Ya dubi Inna fara sol, ya dubi motar, mu duka baƙaƙe kamar gindin tukunya. "Waɗanne ne 'ya'yan nata?"

Motar nan gaba ɗaya ta ɗaga hannu. Har da wani dogon saurayi da bai taɓa ganin ta ba, ko Hausa ba ya ji, yana sharɓar kuka yana kiran uwa da Larabci, "Yumma! Yumma!"

Hafsan ya ce mu sauka duka mu ɓace masa da gani. Aka kawo gado muka ɗora ta, muka saɓa a kafaɗa ana salati. Ni ina ta wajen kanta. Muna shiga lungu sai na ji murya ƙasa-ƙasa, leɓe ko motsi bai yi ba: "A hankali, jakuna, ba buhun gawayi kuka ɗauko ba. Kuma wani ya koma ya ɗauko mini burodina."

Amma ga abin da nake so a riƙe. Taubashina, wanda ya tashi a bayanta, wanda ya fi kowa ganin ta mutu, shi kaɗai a cikinmu ya yarda. Ya riƙe ƙafafunta tun daga titi har gida yana kuka da majina: "Inna, saboda ni! Inna, ki yafe mini!" Da ta tashi zaune a tsakar gida ta ce a ba ta ruwa, sai ya suma. Ita ta yi masa fifita. Daga baya ta ce mini duk tafin da aka taɓa yi mata a Ingila bai kai kukan yaron nan ba.

Sai da ta ɓuya a ɗaki na ɗan lokaci, don an ce hafsan zai turo a duba. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka yi zaman makoki sosai. Liman ya ce shi ba zai yi ƙarya ba, zai dai zauna da carbinsa ya yi shiru. Inna na bayan taga tana sauraron ta'aziyyarta. Da la'asar na shiga na tarar ta cika ta yi fam.

"Ka ji abin da suke faɗa? Mai haƙuri ce. Mai kunya ce. Ba ta da hayaniya. Wa suke nufi? Ni?"

"Inna, haka ake faɗa wa kowa."

"Shi ya sa. Duk matar da ta mutu a garin nan mai haƙuri ce." Ta kama kunnena, da gaske, har ya yi zafi. "Ran da na yi ta gaske, kai ne mai baki a gidan nan. Ka ce musu na iya aikina. Ka ba su labari su yi dariya. In ka bari aka binne ni da mai haƙuri ce, ban yafe ba."

Na ce na ji. Wasiyya ce, ko da cikin raha aka yi ta.

Shekaru suka tafi. Ni ina ƙarƙashin mota. Taubashina ya gano inda maiƙo yake: ya tsayar da gemu, ya shiga kwamitin unguwa, ya buɗe shago a Alhilla Kuku, shago ya haifi shaguna. Ban ce sallarsa ba don Allah ba ce, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma mutumin da aka sauko da shi daga motar kasha ya koma mai tsayawa a taro yana yi wa 'ya'yan mutane wa'azin su tafi yaƙin. Mahaifiyata ta rasu, aka sayar da tsohon gidan Kawu, ya ɗauki Inna zuwa sabon gidansa mai bene. Ba ta daɗe ba. Ya ce mata a gidansa ba a wasan mutuwa, manya na zuwa, kaset ɗin nan kuma a kulle shi a akwati. Wata rana da azahar sai ga ta a ƙofata cikin raksha, babur mai ƙafa uku, da akwati ɗaya da finjalan mahaifiyata ƙunshe cikin tob.

"Gidan ɗan'uwanka," in ji ta, "ko dariya za ka yi sai ka shiga bayi ka rufe ƙofa."

Ɗakin ƙasa na ba ta, ruwa kuma sai mai jaki ya kawo. Ba ta taɓa ƙorafi ba sai a kan shayina, wanda ta ce ko a fim ba a ba ta guba irinsa ba. Ta tara matan layi masu talla ta koya musu yadda ake suma in 'yan hukuma masu ƙwace kayan talla sun zo. Mai kisra ta sha tsira da kaskonta saboda darasin nan, ko da yake Inna ta ce tana saurin rufe ido. Da tsufa ya kama ta, gwiwoyin suka fara ciwon gaske, sai ta koma mutuwa daga zaune. Ta ce ta zaune ta fi wuya, sai gwanaye.

Shi kuwa yakan zo gaisuwar sallah, ya gaishe ta a tsaye, mota na kunne a waje. Duk da haka in ya tafi sai ta ce, "Ya rame. Matarsa ba ta iya miya ba." Ba ta taɓa bari na zage shi a gabanta ba. In na fara sai ta ce, "Ka bar mini ɗana, ni na ji kukansa."

Da ta rasu ya zo da motoci ya ce shi ne ɗa, a gidansa za a zauna. Ban ja ba, haƙƙinsa ne. Aka kafa rumfa mai kujeru, manya masu manyan rawuna suka cika ta. Ina jin sa yana gaya musu: malamar Turanci ce, Allah ya shirye ta ta bar rayuwar banza, mace mai haƙuri, mai kunya, ba ta da hayaniya. Kunnena ya fara zafi, daidai inda ta kama.

Sai dattijon nan ya yi tambayarsa, na amsa. Na ba su na mai gashin baki da fatawar Malam. Wani babba ya yi dariya har shayi ya fito masa ta hanci. Na shiga na kasha. Ina kaiwa daidai inda ta ajiye kwando sai na ji hannu a wuyana.

"Nan gidan makoki ne, ba sinima ba. Tashi ka fita, jahilin bakanike."

Taubashi fa. Mutumin da al'ada ta ba ni izinin in zage shi ya yi dariya. Na dubi jama'a, kowa ya sunkuya yana duba carbinsa. Na fita da kofin a hannu. Yana nan gidana har yanzu, in yana so ya aiko.

Da na koma Dar Salam na tarar mai kisra ta shimfiɗa tabarmi a ƙofata, 'yan layi sun zauna. A nan na ƙarasa labarin, aka yi dariya, aka share hawaye, aka yi Fatiha. Na san na sauke rabin wasiyya. Rabin kuma yana wuyan wanda ya kama wuyana.

Na bari aka ɗage makoki, na ƙara bari kwanaki suka wuce, don kada a ce zafin rai ne. Sannan na tashi daga gareji yadda nake, baƙin mai har gwiwar hannu, na hau mota zuwa Alhilla Kuku. Yana zaune a babban shagonsa da baƙi. Ya gan ni ya ce, "In maganar ran nan ce, ka bari mu keɓe." Na ce a gaban mutane ka yi, a gaban mutane za ka ji. Na matsa inda zai shaƙi warin man, na ce masa:

"Ƙafafun nan biyu da ka tsaya a kansu ka kore ni, ba gemunka ne ya bar maka su ba, ba kwamiti ba. Tsohuwa ce ta kwanta a turɓaya ido buɗe har soja ya tsorata. Ran nan ba ka ce rayuwar banza ba, ƙafarta ka riƙe kana majina. Ka ce malama ce. To na yarda, malama ce, kuma kai ne babban ɗalibinta, don tun da sojoji suka zo kake wasa ba ka huta ba. Bambancinku ɗaya ne. Ita in ta gama takan tashi ta kaɗe tob ɗinta ta ce a kawo burodi. Kai yaushe za ka tashi?"